Fashin baƙi: Makarantun gwamnatin Houston sun ƙare shekara da maki mai kyau, amma iyaye sun ƙi ba su amana

A watan Agustan 2025 hukumar ilimi ta jihar Texas a Amurka ta fitar da sakamakon awon makarantu, inda ake bai wa kowace makaranta daraja daga A zuwa F. A gundumar makarantun gwamnati ta birnin Houston, wadda ake kira HISD a taƙaice, babu makaranta ko ɗaya da ta samu F. Shekara biyu kafin nan makarantu 121 ne ke kwance a rukunin D da F, amma a wannan awon 18 kawai suka rage, kuma dukkansu D ne. Waɗanda ke da A ko B kuwa sun tashi daga 93 zuwa kusan kashi uku cikin huɗu na makarantun gundumar, waɗanda yawansu ya haura 270.

A cikin shekarar karatun da aka auna ɗin dai, a watan Nuwamban 2024, shugabannin gundumar suka nemi izinin jama'a su ciyo bashin dala biliyan 4.4 don gyara gine-ginen makarantu. Kimanin kashi 58 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce ba su yarda ba. Rabon da mutanen Houston su ƙi irin wannan buƙata tun 1996. Ga maki yana hawa, ga iyaye suna juya baya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk mai son ya gane yadda aka yi haka sai ya fara sanin abin da ake nufi da gundumar makarantu a Amurka.

A can gwamnatin tarayya ba ta tafiyar da makarantun firamare da sakandare. Jihohi ma ba su ne ke riƙe da ragamar yau da kullum ba. Ƙasar ta kasu zuwa gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da kwamitin amintattunta, wanda a yawancinsu mutanen yankin ke zaɓa da ƙuri'a. Wannan kwamiti ne ke ɗaukar babban shugaban makarantun gunduma aiki, shi ke sallamarsa, shi ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma a yawancin jihohi yana da ikon sanya haraji a kan gidaje da filaye da shaguna. Mai karatu zai iya kwatanta ta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, sai dai ita tana karɓar harajinta da kanta, kuma shugabanninta na jin tsoron akwatin zaɓe. Abin da ke zuwa daga tarayya bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari na kuɗin makarantu ba. Sauran daga jiha yake fitowa da kuma aljihun mazauna yankin. Saboda haka iyaye a Amurka ke kallon makarantar unguwa a matsayin kayansu, suke zuwa zaman kwamiti da daddare su karɓi makirfo su faɗi abin da ke ransu.

Wannan ikon ne jihar Texas ta karɓe daga hannun mutanen Houston ranar 1 ga Yunin 2023.

Tushen maganar wata tsohuwar makarantar sakandare ce mai suna Wheatley, a unguwar Fifth Ward ta baƙaƙen fata. An buɗe ta a 1927, zamanin da doka ta hana baƙi da farare zama aji ɗaya, kuma ta yaye manyan mutane irin su Barbara Jordan, mace baƙar fata ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar wakilan Amurka daga kudancin ƙasar. Daga baya makarantar ta lalace. A 2015 majalisar dokokin Texas ta yi dokar da ta ce duk makarantar da ta faɗi awo shekara biyar a jere, to kwamishinan ilimi ko dai ya rufe ta, ko ya sauke zaɓaɓɓun shugabannin gundumar gaba ɗaya ya naɗa nasa. Ɗan majalisar da ya tsaya kai da fata a kan wannan tanadi, Harold Dutton, ɗan jam'iyyar Democrat ne, baƙar fata, kuma tsohon ɗalibin Wheatley. Hujjarsa ita ce an daɗe ana barin 'ya'yan talakawa a makarantun da kowa ya san sun mutu, ba tare da an hukunta kowa ba. Yana da kyau a riƙe wannan, domin masu ba da labarin a matsayin faɗan fararen Republican da baƙaƙen Democrat kawai suna tsallake shi.

A 2019 Wheatley ta faɗi awo karo na bakwai a jere. A daidai lokacin kuma binciken jiha ya zargi wasu 'yan kwamitin amintattu da ƙulla shawara a ɓoye saɓanin dokar zama a bainar jama'a, ga kuma tsohon koke kan yadda ake kula da yara masu buƙata ta musamman. Kwamishinan ilimi Mike Morath ya ce zai karɓe gundumar. Gundumar ta garzaya kotu, aka yi ta shari'a har zuwa Janairun 2023, lokacin da kotun ƙolin Texas ta share wa jiha hanya. Abin da ya ƙona wa mutanen Houston rai shi ne kafin a kai ga wannan hukunci abubuwa sun riga sun sauya: yawancin 'yan kwamitin da ake zargi sun bar kujerunsu, Wheatley ta samu C a awon 2022, gundumar gaba ɗaya ta samu B. Duk da haka Morath ya naɗa mutum tara su maye gurbin zaɓaɓɓu, ya kuma kawo Mike Miles, tsohon soja kuma tsohon jami'in diflomasiyya, a matsayin babban shugaba. Miles ya taɓa shugabantar makarantun Dallas daga 2012 zuwa 2015, lokacin da shi Morath yake cikin kwamitin amintattun can. Sun san juna tun da daɗewa.

Miles bai tsaya jan ƙafa ba. Ya zo da abin da ya kira Sabon Tsarin Ilimi, wanda ake taƙaitawa da NES. Ya fara ɗora shi a kan makarantu 28, wato Wheatley da Kashmere da North Forest da ƙananan makarantun da ke tura musu ɗalibai, wasu 57 suka biyo baya a shekarar farko, a shekara ta biyu kuma adadin ya kai 130. Ma'aikatan makarantun nan 28 sai da suka sake neman aikinsu kamar sababbi. A hedikwata aka soke guraben aiki sama da 2,000.

Sai an leƙa cikin aji ake gane abin da tsarin yake nufi. A darasin lissafi ko na karatu, ba malama ce ke tsara abin da za ta koyar ba. Daga hedikwata ake aiko mata da darasin a shirye, shafi bayan shafi, ta haska a allo. Ƙofar aji a buɗe take, shugaban makaranta ko wani jami'i na iya shigowa kowane lokaci ya tsaya a baya yana rubutu. Akwai agogo a allon yana ƙirga mintoci. Duk bayan 'yan mintoci dole ta dakata ta sa yara duka su amsa wani abu, ko su rubuta a ɗan allon hannu su ɗaga sama, ko kowa ya juya ya tattauna da na kusa da shi. Idan an yi kamar minti 45, sai a raba 'yar gajeriyar jarrabawa ta minti goma a kan abin da aka koyar yanzu-yanzu. Nan take ake dubawa. Waɗanda suka gane sai su tashi su tafi wani babban ɗaki su yi aikin da ya fi wannan wuya a ƙarƙashin wani mataimaki, waɗanda ba su gane ba su zauna malama ta sake bi da su. Kullum haka ake yi, a kowane darasi. Yaron da ya dami aji da surutu ana fitar da shi zuwa wancan babban ɗakin, ya ci gaba da bin darasin ta kwamfuta. A madadin wannan matsi, an ƙara wa malaman makarantun NES albashi sosai. Da yawansu na karɓar sama da dala 80,000 a shekara, alhali sabon malami a sauran makarantun gundumar yana farawa ne da dala 60,000 da 'yan kai.

Babban ɗakin nan da ake tura yara, a makarantu da dama, shi ne tsohon laburare. An cire ma'aikatan laburare daga makarantun farko 28, aka tura kantocin littattafai jikin bango, aka jera tebura. Babu abin da ya ɓata sunan tsarin a idon jama'a kamar wannan. Magajin garin Houston na lokacin, Sylvester Turner, ya fito fili ya yi tir da shi. Miles ya ce littattafan na nan, yaro zai iya ɗauka kafin a shiga aji ko bayan an tashi, kuma kuɗin da ke hannu gara a zuba shi wajen malamin da zai koya wa yaro haɗa baƙi. Ni dai a nan ban bi shi ba. Yaron unguwar masu hali yana da littattafai a gida, iyayensa na kai shi laburaren gari ranar Asabar. Yaron Fifth Ward sau da yawa laburaren makaranta ne kaɗai wurin da wani babba zai miƙa masa littafi ya ce gwada wannan, za ka ji daɗinsa. Kuma a unguwannin talakawan aka cire, makarantun unguwannin masu kuɗi suka ci gaba da nasu.

Amma batun maki ba abin rainawa ba ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ɗaliban gundumar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, fiye da rabi 'yan asalin Latin Amurka ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar baƙaƙen fata. Dubbai daga cikinsu Sifaniyanci ake yi a gidajensu, Ingilishi a makaranta suke koyonsa. A jarrabawar jiha da ake kira STAAR, wadda yara ke fara rubutawa daga aji 3, Houston ta yi hawan da ya zarce na jihar gaba ɗaya a 2024, ta kuma ƙara a 2025, kuma hawan ya fi yawa a makarantun da a da suke can ƙasa. Wheatley kanta ta kai B. Jarrabawar ƙasa ta NAEP, wadda ba Miles ba ne ke tsara ta, ba kuma jihar Texas ba, ita ma ta nuna lissafin 'yan aji 4 a Houston ya inganta. Bayan kowace lamba a nan akwai yaro ɗan shekara tara da bara ba ya iya karanta sakin layi, bana yana iyawa. Wanda ɗansa ke makarantar da ba ta taɓa faɗuwa ba yana iya yin gardama a kan salon koyarwa. Uwar da ta ga 'ya'yanta uku sun bi ta makaranta ɗaya sun fito ba su iya karatu ba, ita lissafinta daban ne. Haka kuma bincike a Amurka ya nuna cewa yawancin lokutan da jiha ta karɓe gunduma, sakamakon yara ba ya wani motsawa. A Houston ya motsa.

To sai dai da sauran rina a kaba. Na farko, a 2023 jihar ta tsaurara ma'aunin awonta, shi ya sa gundumar da ta samu B a 2022 ta wayi gari da makarantu 121 a D da F. Kwatanta 2023 da 2025 daidai ne, domin ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi, amma bai kamata a ɗauka cewa Miles ya tarar da kango ba ne. Na biyu, jaridun Texas sun bankaɗo cewa a makarantun NES an jinkirta wa yara da yawa darasin bayoloji daga aji 9 zuwa gaba, an kuma rage yawan waɗanda ke ɗaukar aljabara tun daga aji 8. Gundumar ta ce tana so ne yara su ƙara shiri kafin su shiga darussan. Masu suka suka ce idan ka cire masu rauni daga ɗakin jarrabawa, dole matsakaicin maki ya tashi. Duka biyun na iya zama gaskiya, kuma hakan bai shafi makin karatu da lissafi na ƙananan azuzuwa ba, inda kowane yaro ke rubutawa. Na uku, tsarin da aka gina a kan tambaya da amsa cikin mintoci yana kama da jarrabawar da ake auna shi da ita. Ko yaran nan za su iya zama su karanta littafi sukutum, su yi dogon rubutu, su jure karatun jami'a, wannan sai nan da wasu shekaru za a gani.

Malamai kuwa sun yi ta ficewa. Dubbai ne suka bar gundumar a cikin shekara biyun nan, a kan adadin da ya zarce na sauran jihar nesa ba kusa ba, kuma an sauya shugabannin makarantu da yawa, har da waɗanda iyaye ke ƙauna a makarantun da ba su da matsalar maki. An cike guraben da sababbi, da dama ba su da takardar shaidar koyarwa. Miles bai ɓoye ba cewa wani ɓangare na ficewar da gangan ne, a ganinsa malamin da ba ya tsinana wa yara komai gara ya tafi. Ƙungiyar malaman Houston ta ce ƙwararru ne ke gudu, saboda an mai da su masu karanta abin da wani ya rubuta, ana kuma bin su da takardar awo kowane mako. Babu shakka cikin waɗanda suka tafi akwai ragwaye. Amma malamar da ta shekara ashirin a unguwa ɗaya, ta koyar da uwa ta koyar da 'ya, ta san gidan da ake kwana da yunwa, ba a samun madadinta da talla a intanet.

Daga nan sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke ɗaure komai. A Texas kuɗi na bin yaro ne, kuma ana lissafa shi da yawan yaran da ke halartar aji a kullum. Wajajen 2016 gundumar na da ɗalibai kimanin 216,000. Lokacin da jiha ta karɓe ta sun kusa 190,000. A shekarar karatu ta 2024/2025 sun sauko zuwa kimanin 177,000. Raguwar ta girmi Miles: haihuwa ta ragu, gidaje sun yi tsada a cikin gari, ga makarantun da kamfanoni da ƙungiyoyi ke tafiyarwa da kuɗin gwamnati, irin su KIPP da YES Prep, waɗanda a Houston ɗin aka haife su. Amma ba ta tsaya ba bayan zuwansa, sai ma ta ƙara sauri. Tushen kuɗin da jiha ke bayarwa a kan kowane yaro ya tsaya a dala 6,160 tun 2019 har zuwa 2025, duk da tsadar kaya. Tallafin annobar korona daga tarayya, wanda Houston ta samu sama da dala biliyan 1 daga ciki, ya ƙare a Satumban 2024. Tsarin NES kuma yana da tsada. Shi ya sa kasafin 2024/2025 na dala biliyan 2.1 ya zo da korar ma'aikata, ciki har da masu taimaka wa iyalai da abinci da tufafi da neman matsuguni, kuma ko a cikin naɗaɗɗun mutum taran nan da ƙyar ya wuce, biyar suka amince huɗu suka ƙi. Ga kuma sabuwar dokar da Gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu a Mayun 2025, wadda ta tanadi bai wa iyaye kimanin dala 10,000 a kan kowane yaro su kai shi makarantar kuɗi daga shekarar 2026/2027. Wata ƙofar fita ke nan aka ƙara buɗewa.

A cikin wannan yanayi na ƙarancin kuɗi aka je zaɓen rance na Nuwamban 2024. Babu wanda ya musanta cewa gine-ginen na buƙatar gyara. Rabon da a amince da irin wannan rance tun 2012. Houston gari ne mai zafi da gumi, ana komawa makaranta a tsakiyar Agusta, na'urorin sanyaya ɗaki na mutuwa, wasu makarantun na da tsofaffin bututan ruwa masu darma, ga guguwar Beryl da ta yi ɓarna a Yulin 2024. Gundumar ta ce rancen ba zai ƙara yawan harajin da ake ɗorawa ba. Duk da haka reshen jam'iyyar Democrat da na Republican a yankin, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan komai ba, duka suka ce a ƙi. Taken masu adawa a taƙaice yake: ba za su ɗauki bashin da za a shekara da shekaru ana biya su miƙa wa mutanen da ba su suka zaɓa ba, ba kuma za su iya saukewa ba. Wannan ce kaɗai ƙuri'ar da ta rage a hannunsu, suka kuwa yi amfani da ita. Waɗanda suka kwana a ciki su ne yaran da za su ci gaba da zama a azuzuwa masu zafi.

A ganina a nan ne babban kuskuren Miles yake, kuma ya fi na laburare girma. Ya ɗauka cewa idan maki ya tashi, jama'a za su biyo shi da kansu. Iyaye sun yi ta zuwa zaman kwamiti, ana ba kowa minti ɗaya ya yi magana, su koma gida ba tare da an sauya komai ba. An sauke shugabannin makarantu ba tare da an yi wa unguwa bayani ba. Mutum na iya yarda cewa ɗansa ya fi iya lissafi bana, ya kuma ji a ransa cewa an raina shi. Gundumar makarantu kuwa da yardar jama'a take rayuwa: su ke kawo yaran da ake lissafa kuɗi da su, su ke amincewa da rance, su ne kuma wata rana za su zaɓi waɗanda za su yanke hukuncin ko a ci gaba da NES ko a watsar da shi. Haka su ma masu adawa akwai tambayar da ba su amsa ba. Shekaru da dama makarantun Kashmere da Wheatley suna faɗuwa a ƙarƙashin zaɓaɓɓun shugabanni. Idan an mayar musu da iko gobe, me za su yi wa yaran nan da ya fi abin da ake yi yanzu?

A watan Yunin 2025 Morath ya tsawaita riƙon jiha zuwa aƙalla 1 ga Yunin 2027, ya kuma sauya huɗu daga cikin naɗaɗɗun tara. Sharuɗɗan da ya gindaya tun farko uku ne: kada a sami makarantar da ke faɗuwa shekara bayan shekara, a daidaita kula da yara masu buƙata ta musamman da abin da doka ta ce, sannan kwamiti ya koma mai da hankali kan sakamakon ɗalibai. Ko bayan an cika su, ba a rana ɗaya za a mayar da iko ba. Doka ta ce kashi-kashi za a riƙa dawo da zaɓaɓɓu, uku-uku, har su cika tara. A halin yanzu ana ci gaba da zaɓen 'yan kwamitin amintattu a Houston kamar yadda aka saba, suna rantsuwar kama aiki, sai dai ba su da ƙuri'a a kan kasafin kuɗi, ko a kan wanda zai shugabanci makarantun 'ya'yan waɗanda suka zaɓe su.